Rasuwar Gwaggo, Mai Gyaran Layuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da idanu da suka gaji da kallon allo, Dogo, mai rubuta manhajojin kwamfuta a ofishin ƙarshe na saman bene, yana sanar da rasuwar Gwaggo. Ita ce 'yar manhajar nan da ke maƙale a jikin shirin da yake rubutu a ciki, tana daidaita masa layuka.

Marigayiyar ta zo ofishin ne lokacin da kujeru ba sa isar ma'aikata. A zamanin, kullum sai an yi cacar baki kan tazarar farkon layi da inda za a sa alamar rufe baka a rubutu, har Oga ya gaji ya ɗora ta a kwamfutar kowa. Tun daga ranar rubutun mutum shida ya zama kamar na hannu ɗaya. Faɗanta ne ya jawo mata sunan. Ba ta raga wa babba, ba ta kuma taɓa kai ƙarar kowa ba. Sai dai ta ja jan layi, ta yi "ƙit", ta ce, "Saura waƙafi."

Da aiki ya ja baya, abokan aikinsa suka watse ɗaya bayan ɗaya, Oga ma ya koma aiki daga gida. Ita kaɗai ta rage tana tanka wa Dogo. Ya amsa cewa wani lokaci da gangan yake karkata layi, don dai ya ji an kula.

Ciwon ajali ya same ta ne da aka sabunta shirin. Ta fara mantuwa, tana wuce kuskure ba ta ce uffan ba. Dogo ya cire ta ya mayar, ya rubuta wa wanda ya ƙirƙire ta, shiru. Ashe bawan Allah ya daɗe da barin sana'ar. Ranar Talata Dogo ya adana aikinsa, bai ji "ƙit" ba.

Ta rasu ta bar dubban layuka marayu da mai kuskure guda ɗaya. Aikin da ya miƙa bayanta ya tafi a karkace, babu kuma wanda ya lura.

Za a goge ta ranar Alhamis bayan tashi daga aiki, a teburin da ke jikin taga. Ba sai an zo da komai ba. Mai zuwa ta'aziyya ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, don in a hankali ne, Dogo zai ɗauka ƙofar maƙwabta ce.