Yadda Za Ki Kare Digirinki Ranar Karanta Ambulan

Idan kika bi matakan nan shida, na yi miki alkawari za ki fita daga cocinmu na 'yan tsibirin Samowa mazauna unguwar Mount Druitt kanki a ɗage, ko da asusunki ba zai sayi kaza ba. Da gwana kike magana. Ni Malaea shekara uku na yi a jami'a ina nazarin ƙabilu da jinsi, yau ga ni ina amsa wayar masu ƙorafin kuɗin wuta.

Kin dai san abin da ke gabanki. Ranar gudummawar gini sakataren coci zai karanta sunan kowa da abin da ya saka, ta lasifika. Tunda kin gama karatu, an yaye ki daga ambulan ɗin iyayenki.

1. Ki ɓoye sunan digirin

Ni na yi kuskuren faɗa wa Gwaggo Saneta gaskiya a wajen cin abincin Lahadi. Ta ajiye gwazar da ke hannunta ta ce, "Jinsi? Shekara uku kafin ki bambance mace da namiji? Ai da kin zo na nuna miki kyauta, 'yar nan." Ke ki ce "harkar tsare-tsare," ki cika bakinki da kifi.

2. Ki mai da bashi riba

Gwamnati ba ta fara cire bashin karatu sai albashi ya kai wani mizani. Naki bai kai ba, kuma ba shi da niyya. Likita na biya, lauya na biya, ke kina barcinki. Masana irina wannan muke kira dabarar tattali. Kada dai ki yi bayanin a gaban Babanki. Nawa shekara ashirin da biyu yana loda kaya a sito, shekara tara bai taka Samowa ba, yana tara kuɗin jirgi a gwangwanin biskit.

3. Ki nisanci taubashinki

Kowa na da irin Peni ɗan Gwaggo. Ya bar makaranta a aji goma, yanzu yana gyaran lantarki a ramin ma'adinai, motarsa ta kusa ɗakina girma. Zai miƙo faranti ya ce, "Farfesa, a sa miki cinya, ko ita ma danniya ce?" Ki ce masa kafin ya kai arba'in bayansa zai ƙage. Sannan ki karɓi cinyar, fushi da abinci asara ne.

4. Ki ƙirga abin da ba ya ƙirguwa

Wayewa, faɗin tunani, da sarƙoƙin alewa goma sha ɗaya da aka rataya miki ranar bikin kammalawa, duk ki zuba su a gefen riba. Amma ban da kai wa Kaka kundin bincikenki. Nawa a kan matan da ke saƙa tabarmarmu ta gargajiya na rubuta shi. Ta auna nauyinsa a tafin hannu ta ce, "Shafi tamanin a kan tabarma? Madalla. To zauna ki saƙa min taƙi ɗaya." Fitsari ya kama ni nan take.

5. Ki shirya ambulan

Dala ashirin gare ki, to ki canza ta biyar-biyar don ta yi kauri. Ki zauna bayan matar da ta fi kowa faɗin hula. Idan Babanki ya ce, "Kawo na miƙa miki tare da tamu," kada ki ba shi. Ni na ba shi.

6. Ki daure a karanta

Sakatare ya gyara tabarau. "Peniamina, dala dubu." Aka yi wa Peni tafi, Gwaggo ta waiwayo don ta tabbatar na ji. Na sunkuya ina neman abin da bai faɗi ba.

"Malaea, mai digiri. Dala dubu da ashirin."

Cocin ya ɗauka da guɗa. Peni ya saki baki. Ni kuwa na san inda dubun ta fito. Na matsa kusa da Baba na raɗa masa, "Baba, kuɗin jirgin fa?"

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Samowa ba gudu za ta yi ba. Gyara zamanki, ana kallonki."

Ban taɓa jin kunya da son mutum sun haɗe min lokaci guda kamar ranar ba.

Tsame hannu

Marubuciyar nan ba ruwanta da abin da zai biyo baya. Idan Gwaggo ta gano ashe mai kuɗi ce ke, ta yanka miki gudummawar dala ɗari biyar a jana'iza ta gaba, ke kika sani. Kada kuma a sake aiko min tambayar nawa digirin ya kai. Ni ashirin na saka masa. Baba ya saka dubu, ya wanke gwangwanin biskit ɗin, ya mai da shi kan firji.