Yadda Za Ka Ajiye Filaya Ka Koma Rubuta Manhaja

Ka gaji da hawa tsani da shan shokin? Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka tashi daga injiniyan lantarki ka zama mai rubuta manhajar kwamfuta, kana kan kujera mai juyawa, ba mai sake ce maka "zo ka duba mana fanka." A kan ƙanen matata na gwada su, wanda ake kira Dogon Waya, kuma har yau yana raye.

1. Rabu da testa

Wannan ƙaramar sukundireba mai ƙwan fitila ita ke tona asirin mai wuta. Ranar da aka ɗauki Dogon Waya aiki, an miƙo masa takarda ya sa hannu, ya zaro testa a zaton biro ce. Ka ba matarka ajiya, ta kulle.

2. Daina kallon silin

Mai manhaja allon gabansa yake kallo. In ka ga wayoyi sun cukurkuɗe a saman ofis, haɗiye "Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aikin?" Ba a tambaye ka ba.

3. Kada ka sansana kwamfuta

A tsohuwar sana'arka kuskure yakan yi hayaƙi. A nan shiru yake yi, sai ya kai gaban manya. Oga ya ce wa Dogon Waya manhajarsa ta lalace, shi kuwa ya kai hanci ya shaƙa, ya ce, "Oga, lafiyarta lau, ban ji ƙauri ba."

4. Ba a kashe wuta kafin gyara

Wannan ya fi ba shi wuya, don mai hali ba ya fasa halinsa. Da Oga ya dage a gyara, ya miƙe cikin natsuwa, ya fita baranda ya sauke babban makunnin ginin. Aikin kowa ya tafi. "Ai ba a gyara da wuta a jiki," in ji shi. Oga ya nuna shi da yatsa: "Ka ƙara taɓa waya a gidan nan, ka nemi ƙofa."

5. Sanar da dangi

Ka yi musu bayani dalla-dalla. Gwaggon Dogon Waya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya sa albarka, ɗan nan. In ka gama, dutsen gugana na jiranka."

6. Zauna a kan hannuwanka

Ranar da manyan baƙi suka zo ganin manhajar da Dogon Waya ya sha wuya a kanta, yana buɗe baki wuta ta ɗauke, a ofishinsu kaɗai. Ƙauri ya bugo daga baranda. Ya san wayar da ta ƙone kamar yadda ya san sunansa. In ya tashi, kora. In ya zauna, baƙi su tafi. Wallahi har tausayi ya ba ni da yake ba ni labari. Can ya sunkuya ya zaro testa daga cikin safa.

Kafin baƙi su kai ƙofa, haske ya dawo. Aka yi ta tafi. Oga ya rungume shi: "Ashe da arzikinmu muke zaune!" Ba a kore shi ba. Washegari aka miƙa manhajarsa ga wani, aka mayar da teburinsa baranda gindin makunni, aka saya masa sabon tsani, har da sunansa a jiki.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a kan tsani, tsakaninsa da hannunsa, ba ruwana. Sai dai tunda ka riga ka hau, soket ɗin ɗakina na tartsatsi, Dogon Waya kuwa ya daina ɗaga wayata.