Ranar da mota ta shanye tulun Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da abin da fanka biyu suka yi mini ba, a shekarun farin nan da sojoji ke riƙe da ƙasa. Na so in manta, mutanen garinmu ne ba su bari ba.

Lokacin ina shofer, wato direba, wajen wani Alhaji ɗan kasuwa a Tasawa. Yana da tsohuwar mota da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida, doguwa, baƙa, har da klima. Sai dai klimar ta tsufa. In ana gudu ta ɗan huro sanyi, in aka shiga yashi tafiya ta ragu, sai ka ji kamar wani ne ke maka numfashi a fuska. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu, na kuma zauna garaj na wani ɗan lokaci (yawanci wankin ƙarafa nake, amma ba haka nake faɗi ba). Na ce wa Alhaji ciwon ƙarami ne, iska ce ba ta isar ta. Na samo fanka biyu na lantarki daga wata matacciyar mota, na ɗaure su gaban radiyater, wato tukunyar ruwan injin, na ja waya zuwa batiri. Suka tashi da ƙugi. Na ji ƙugin na gamsu. Ban ko kai hannu in ji ina iskar ta nufa ba.

Ana haka sai motar wani kapiten na soja da ke duba rabon hatsin agaji ta lalace, aka aro ta Alhaji da shofer ɗinta don zagayen ƙauyukan Mayahi. Kafin mu tashi aka raɗa mini cewa kapiten ɗin yana neman shofer na dindindin. Ku da ba ku ga yunwar nan ba, ba za ku gane ba: aikin sarbis, wato na gwamnati, a lokacin albashi ne da buhun hatsi duk wata, ga mata da 'ya'ya ina ciyar da su da ƙyar. Kuma hanyar ta bi ta garinmu, kusa da Kanan Bakashe. Na sa rigar salla, na shafa turare.

Tun muna barin titi muka faɗa yashi allurar zafi ta fara hawa. Na yi kamar ban gani ba. Kapiten na baya yana share gumi.

"Shofer, wannan ita ce klimar da ake ta yabo?"

"Tana ɗaukar lokaci, mon kapiten. Gyara na musamman na yi mata."

(Allah ya isa tsakanina da bakina.)

Muna isa bakin rijiyar garinmu, ba gaba ba, ba baya ba, sai tururi ya turnuƙe gaban motar, injin ya yi tari ya mutu. Rijiyar nan ita kaɗai ta rage da ruwa a yankin. Mata na kwana da layin tuluna, a jefa guga a jira ruwa ya taru, a ɗebo rabi da laka. Fulani na gefe da shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, su ma jira suke. Duk suka juyo. Wadda ta fara gane ni taubashiyata ce, 'yar kawuna, mai bakin da ba a rufe shi.

"Kai! Ashe ɗan birni ne! Wannan dabbar taka me take ci take hayaƙi haka?"

Na buɗe gaban motar, ruwa ya ƙone ƙaf. Ba yadda zan yi sai roƙo. Kowa ya kawar da kai, kuma da gaskiyarsu. Sai ga Gwaggo, yayar mahaifina, tsohuwa, ta taso da tulunta da ta samu cikawa bayan jiran tun asuba.

"Ungo, ɗan nan. Baƙo da abin hawansa ba a hana su ruwa a garin nan. Ubanka bai taɓa yi ba."

Na karɓa. Na jira ƙarfen ya ɗan huce, na fara tuttulawa, ina wani gyara tsayuwa irin ta masu sani. Ban lura tiyon da ke ƙasan tukunyar ya fashe ba. Ina zubawa sama, yana fita ƙasa. Sai da tulun ya yi sauƙi a hannuna na duba, na ga ruwan Gwaggo yana bin yashi tsakanin tayoyi, awaki sun rugo suna lasar ƙasa. Gwaggo ta matso. Ta karɓi tulunta, ta leƙa cikinsa, ta koma ƙarshen layi ta ajiye. Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Fankokina kuwa suna nan suna ƙugi, don kai tsaye na haɗa su da batiri. Kapiten ya fito, ya tsaya gaban motar da sigari a baki. Hayaƙin, maimakon ya shige ciki, sai ya dawo masa a fuska. Ya sake busawa. Ya sake dawowa.

"Wa ya ɗaura waɗannan?"

"Ni ne, mon kapiten."

"Waje suke hurawa, sakarai. Ai ka juya wayoyin ne. Tun daga Tasawa kake korar iska daga injin."

Taubashiyata ta tafa hannu. "Wayyo! Ashe jeji yake yi wa fifita!"

Har Fulanin suka yi dariya, mutanen da shanunsu ke mutuwa.

Kapiten bai dake ni ba. Ya nuna igiyar rijiya ya ce in tuɓe riga, ba zan bar wurin ba sai tulun tsohuwar nan ya cika, da na duk wadda ke gabanta a layi. Shi kuwa ya samu raƙumi ya wuce aikinsa. Na ja guga har la'asar, tafin hannuna ya saɓule, mata na ba ni umarni ɗaya bayan ɗaya, taubashiyata na tambaya ko a kawo mini fanka. Da tulun Gwaggo ya cika, ta ɗebo a ƙoƙo ta miƙo mini ta ce in sha, na gaji. Na sha, kaina a ƙasa.

Aikin sarbis wani ya samu, ya yi ritaya da fansho, yana gaishe ni ta tagar mota. Alhaji ya sa shanu suka jawo motarsa, ya kuma karɓe makullinsa. Ni har yau a garinmu in ka ambaci sunana sai a ce wa ke nan, amma in ka ce Mai Fifita yara ma za su nuna maka gidanmu.

Abin da na koya bai da yawa. In abu na ƙugi, kai hannu ka ji ina ya nufa kafin ka yabi kanka. In kuma dole sai ka yi shirme, ka yi shi a garin da ba a san ubanka ba.