Doguwar Addu'ata da Waken Iya Ladi

Ko da zan manta da shekaruna (dama ban taɓa sanin su daidai ba), Lahadin godiyar kaka ta bara waccan kam ba za ta fita raina ba.

Mu Kirista a ƙauyenmu, nan gefen Dungas, ba mu da yawa. Ko mun taru duka da jikoki, rumfar majami'armu ba ta cika. Fasto ɗaya ne ke zagaya ƙauyuka a kan moto, wato babur, don haka ba kowace Lahadi muke ganinsa ba. A shekarar sai ya ce zai zaɓi dattijo guda da zai riƙa jan addu'a in ba ya nan. Tun daga ranar na naɗa kaina a zuci. Lakwal dai, wato boko, ban yi nisa ba, mushe malaminmu ya sallamo ni saboda surutu, amma surutun nan shi ne jarina. In na miƙe addu'a cikin taro har muryata sauyawa take, ta yi kauri kamar ta mai labarai a rediyo.

A gida ne abin ba kyan gani. Da safe in ce addu'a sai na dawo gona, in na dawo in ce sai na ci tuwo, in na ci kuwa kun san abin da tuwon gero ke yi wa dattijo. Matata Rahila ita kullum kafin ta hura wuta sai ta durƙusa bakin gado ta yi 'yan kalmominta ta tashi. Na sha yi mata ba'a cewa addu'arta ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba.

Al'adarmu ce in an gama girbi kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, a tara a gindin darbejiyar da ke ƙofar majami'a, a yi godiya, sannan a raba wa Fasto da marasa ƙarfi. Ranar ga damman gero, ga dawa, ga gyaɗa. Iya Ladi, wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, ta kawo wake a ƙwarya, abin da 'yar gonarta ta bayan gida ta ba ta. Ni na zo da nawa a amalanke, na kwance jaki, na saƙala igiyarsa a reshe. Saƙalawa na ce, ba ɗaurewa ba, don ina saurin samun wurin zama inda Fasto zai gan ni.

Ya kuwa gan ni. Ya ce, "Baba, ka yi mana addu'ar godiya."

Na gyara riga, na umarci kowa ya rufe ido kamar yadda muka saba, ni ma na matse nawa gam. Na faro tun daga halittar duniya. Na gode don ruwan shuka, na gode don noman farko da maimai, na gode da tsutsa ba ta ci gero ba. Na bi ta kan maigari, na bi ta kan yaranmu da suka tafi cirani Kano, na leƙa har Yamai na yi wa mahukunta tasu. Ina cikin haka sai na fara jin "amin" na tashi nan da can. Na ce a raina, to, yau abin ya shiga jama'a. Na ƙara murya. Amin ɗin ma ya ƙaru, na Rahila ya fi na kowa kaifi (matar da ko a ɗaurin aurenmu ba a ji amin ɗinta ba). Yara na ta wata irin shessheƙa, na ɗauka kuka ne. Wallahi har ni kaina na fara jin ƙwalla. Na koma kan Annabi Nuhu da jirginsa.

Sai wata murya daga bayan darni ta yi gyaran murya. Malam Sani ne, maƙwabcina kuma ladanin unguwarmu, wanda muka yi kiwon awaki tare tun muna yara. Hanyar kasuwa ce ta biyo da shi.

"Jama'a, ku gafarce ni. Ban so katse muku ibada ba, na daɗe a tsaye ina jira. Amma in shi bai kai ƙarshe ba, jakin zai kai."

Na buɗe ido. Jakina ne, kansa cikin ƙwaryar Iya Ladi har kunnuwa. Ya riga ya warware dami guda ya tattake, ya dawo kan wake ya kusa share shi. Ya ɗago ya dube ni yana tauna, ba ko kunya. Na waiga, sai na ga ashe ni da Fasto kaɗai ne muka rufe ido da gaske. Sauran duk sun gani tun lomar farko, amma ba wanda ya yarda ya tashi ya kore shi, kada a ce idonsa biyu ana addu'a. Shi ya sa suka yi ta jifana da amin ko zan sauka.

Ban san lokacin da na ce "cikin sunan Yesu" na rufe ba. Na nufi Iya Ladi ina inda-inda, ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, ɗana. Ni dai na ba Allah, ban san ta bakin wa zai karɓa ba."

A nan dariyar da ake dannewa ta fashe, har Fasto sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da yamma na auno wake daga rumbuna na mayar, jaki kuma cikinsa ya kumbura, muka yi ta ɗura masa kanwa.

Kafin Fasto ya hau motonsa ya ja ni gefe, ya tambaye ni yaushe rabona da addu'a ni kaɗai, inda ba mai ji sai Allah. Na fara lissafi da yatsu, ya ce in bari, ya samu amsa. Ya ce in fara da kaɗan, in tsayar da lokaci guda, kada in fasa. Jan addu'a kuma ya ba Ayuba tela, wanda tasa ba ta wuce zaren allura ba. Da farko na ji zafi, amma da na ga har yau ba a yi asarar ko ƙwayar hatsi a hannunsa ba, na yarda an yi daidai.

Da yake na san halina da barci, Malam Sani na roƙa ya riƙa buga mini ƙyaure in zai wuce kiran asuba. Bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa fasa cewa "Tashi, mai jaki" ba. Shi ya nufi masallaci, ni in durƙusa kusa da Rahila. Da fari bakina rasa abin faɗa yake, tunda ba 'yan kallo. Yanzu kuwa in faɗi abin da ke damuna, in gode, in yi shiru kaɗan, in tashi. Faɗan da nake da mutane ya ragu, Rahila ma ta ce an fara iya zama da ni.

Abin da na koya a tsufana shi ne, wanda ke magana da Allah kullum ba ya tara masa labarin shekara ya juye a rana ɗaya. In kuwa kana addu'a ka ji amin ya fara yawa, ɗan'uwa, kada ka ƙara murya. Roƙonka ake ka sauka.