Atishawar Dakta Maikano

Akwai wani malamin firamare a ƙauyenmu, Hambali, da ya shiga karatun digiri na nesa, irin wanda ake yi ta waya. Duk kwasa-kwasan ya haye su lafiya in ban da guda ɗaya, na wani Dakta Maikano, wanda ya kayar da shi shekara biyu a jere. Dokar jami'ar kuwa, in ka faɗi sau uku sai ka tattara naka-ya-naka. Ga shi ƙauyen namu sabis ba ya sauka ƙasa, sai an bi shi sama. Kowace Talata da hantsi za ka ga Hambali ya naɗe ƙafar wando ya haye tudun bayan makaranta, ya ɗaga waya kamar mai neman wata, yana sauraron Dakta na zuba a allo cikin hularsa mai ruwan goro. Ɗalibai ba su da bakin magana a ajin, sai ɗan akwatin rubuta saƙo a gefe. Da damina ta kankama, Talata uku ruwa ya koro shi daga tudun. Na'urar da ke ɗaukar sunayen mahalarta aji kuwa ba ta san uzuri ba, ta rubuta masa fashi, sunansa ya fito cikin waɗanda ba za su zauna jarrabawa ba.

Hankalin Hambali ya tashi, don wannan ce damarsa ta ƙarshe. Ya hau mota sai jami'a, ya tarar da Dakta a ofishin shugabar sashe, Farfesa Uwani, yana cika baki cewa duk sashen babu wanda ya rungumi zamani kamarsa, shi da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi shiga aji kai tsaye ba. Hambali ya rusuna ya gaishe su, ya karanto kukansa tun daga tudu har ruwan sama.

Dakta ko kallonsa bai yi ba, ya ce, “Ni ba na gardama da na'ura. Ta ce ba ka zo ba, to ba ka zo ba. In kuwa kana zuwa, me na koyar a mako na huɗu?”

Mako na huɗu yana cikin waɗanda ruwa ya cinye, amma Hambali ya gyara tsayuwa ya ce, “Allah gafarta Malam, hanyoyin auna fahimtar ɗalibi. Ka kawo guda biyar, ka manta ta huɗu sai da ka duba takarda. A minti na goma sha biyu ka yi atishawa, ka ce alhamdu lillahi, sannan wani zakara ya yi cara a bayanka.”

Farfesa ta sauke tabarau ta dubi Dakta. Shi kuma ya ɗaure fuska tamau ya ce, “Wani ne ya ba ka labari. Doka doka ce. Wanda ba ya zuwa aji ba shi da hurumi a jarrabawata.”

Hambali ya ƙara sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa cikin ladabi, ya ce, “Gaskiya ne, Malam, bana ban samu zuwa a mako na huɗu ba. Amma bara da bariya ina nan, hular nan ce, zakaran nan ne, atishawar nan ce a minti na goma sha biyu. Sau biyu ina rubuta maka yarhamukallah, har yau ba ka amsa ba. To tsakanina da kai, ranka ya daɗe, wa ya fi daɗewa rabonsa da ajin?”