Shirun da Na Cike a Waƙar Kumandan

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ya tashi mayar da mu mawaƙa. Wai yana saurayi ya je Ingila, zamanin tsohuwar sarauniyarsu, ya ga dubban mutane cikin wani gidan gilashi suna waƙa baki ɗaya, mutum guda na juya su da ɗan tsinke. Abin ya tsaya masa a rai har ya zo nan Matameye. Sai ya sa aka kwaso maza daga Kance, Yauri da Dawce, aka jera mu kamar buhunan gyaɗa.

Lokacin kuwa neman Indo nake, 'yar wani Alhaji mai fataucin fata. Mu sanƙirori ne kaka da kakanni (masu raka waƙar makaɗa da kirari), Alhaji kuma ya rantse ba ya ba maroƙi 'ya. Na bugi ƙirji na ce masa na bar roƙo har abada, ɗinki nake yanzu. Ya ce zai gani.

To, waƙar Nasara tana da wani mugun hali: ana cikin tafiya sai a yi tsit, sannan a ɗora. Tafinta ya gargaɗe mu: "Shirun nan ma waƙa ne, kada wanda ya yi ko tari." (Wajen koyo hannun rigata nake cizawa don kada kirari ya kuɓuce mini.)

Ranar bikin waƙar gari ya cika, ga Alhaji a sahun gaba. Muka ɗauki waƙa, kuma wallahi ta yi daɗi. Kumandan ya ɗaga tsinke, aka yi tsit. A gidanmu kuwa barin waƙa da rami abin kunya ne. Ban san sanda hannuna ya tashi sama ba, sai dai na ji muryata:

"Sai kai, Kumandan! Bijimi mai tsinke, a gaishe ka!"

Mutanen Dawce suka amsa, "Haka ne!" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, waƙa ta watse, kowa ya kama tasa. Kumandan ya yi jajir, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Da la'asar na je gaida Alhaji, kaina a ƙasa.

"Yaro," in ji shi, "muryar nan asara ce a bar ta wajen ɗinki. Ranar auren Indo ka zo ka yi mana."

Na je kuwa. Na yi wa ango kirari har muryata ta dushe, zuciyata na ƙuna. Daga ranar na gane cewa kafin mutum ya rantse ya bar sana'ar gidansu, gara ya fara tambayar bakinsa ko ya yarda.