Husufi a Ƙofar Gidan Malam Isiyaku

Duk Tudun Wada, kai har Gyallesu da Tudun Jukun, babu wanda ya san sama kamar Malam Isiyaku. Shi da kansa ya faɗa, wa zai musa? Tun da Turawa suka buɗe kwalejin kimiyya a bayan gari suka damƙa masa makullin sito, bawan Allah ya daina duban ƙasa in yana tafiya. Ka gaishe shi, sai ya amsa wa gajimare. Mutanen unguwa suka raɗa masa Wazirin Taurari, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don ba ya tsayawa ya ji dariyar da ke biyo baya.

Aikinsa dai goge ƙura ne da buɗe ƙofa. Amma a cikin siton akwai madubin hangen taurari, wani dogon bututun tagulla mai ƙafa uku, kuma a ganin Waziri duk mai riƙe da makullin abu shi ne malamin abin. Ɗaliban fiziks da ilimin taurari sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. In sun zo aro, yau ya ce iska ta yi yawa, gobe ya ce hannunsu da maiƙo.

"Ilimin sama ba na yara ba ne," in ji shi. "Ni da Bature kaɗai muka san kansa, shi ma yakan tambaye ni."

Cikin ɗaliban akwai Kailani, ɗan wata mai ƙosai, yaro mai kai. Baturen da ke koyar da su ya ce masa za a yi husufin rana, kuma in ya bi shi da madubin ya zana yadda ya gudana, da wannan aikin za a nema masa gurbin ƙarin karatu a Ingila. Gurbin ɗaya ne, husufi irin wannan kuwa ba lallai ya sake leƙowa ba kafin mutum ya yi furfura. Ana gobe husufin, zazzaɓi ya kwantar da Baturen. Kailani ya durƙusa har ƙasa ya roƙi Waziri ya fito masa da madubin da wuri. Waziri ya shafa gemu ya ce kada ya damu, abin yana hannun manya.

Bai yi ƙarya ba. Gari na wayewa ya ɗora madubin a amalanke ya kai shi ƙofar gidansa, inda ya riga ya gayyaci mai unguwa da liman da manyan 'yan kasuwa su zo su ga yadda masana ke tarbar husufi. Aka shimfiɗa tabarmi, matarsa Zinariya ta dama kunu. Ya fito cikin babbar riga da takalmin Turawa mai matse masa yatsu, ya dafa bututun kamar dokin gado.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin ilimi da duhun kai. Jahilai kan kaɗa tasa wai don wata ya saki rana. Mu kuwa mun san ba kamu ba ne, lissafi ne. Duk wanda ya ji tsoro ya dube ni."

A daidai lokacin Kailani na tsaye gaban kullallen sito da farin kwalinsa a hannu. Da maigadi ya gaya masa inda aka nufa da madubin, sai ya runtuma Tudun Wada.

Shi wannan kwalin a kansa ake tare hoton rana, don ba a sa ido a madubin in ya fuskance ta. Kowane ɗalibi ya san haka. Waziri bai sani ba, don sauraron darasi ƙasƙanci ne ga irinsa. Ya yi ta juya bututun har ya dace da rana, ya sunkuya zai leƙa. Allah Ya so idonsa, hasken ya fara sauka a kan gemu. Hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika wurin. Kafin ya gama kashe wutar, hasken duniya ya dushe, kaji suka nufi akurki, liman ya miƙe ya ce a tafi sallar husufi, kowa ya bi shi. Daga cikin gidaje mata da yara suka hau kaɗa tasoshi da kwanuka.

Aka bar masani shi kaɗai da duhu. Ya tabbata wutar da ta lasar masa gemu somin-taɓi ce ta tashin ƙiyama. Ya faɗa gida ya fizge muciya daga hannun Zinariya, ya dawo ya lulluɓe kansa da riga, ya shiga narka wa bututun duka yana roƙon wata ya yi wa Allah ya saki rana. Duk unguwar babu tasar da ta kai tasa amo. Tagulla ta lotse, gilashin ya faɗo ya tarwatse.

Kailani ya iso yana haki bayan rana ta fito fes. Ya tsuguna yana tsintar gutsattsarin gilashi, baƙin ciki ya hana shi ko da kuka. Ya san Ingila ta wuce shi, kuma bai san da wane baki zai gaya wa uwarsa ba.

Masallata na dawowa Waziri ya yaye riga ya gyara tsayuwa. Ya shaida musu cewa kayan Turawa ba su da ƙarko, amma ba a yi asara ba, don ya bi husufin da idonsa daga farko har ƙarshe. Ya ce wa Kailani ya ɗauki fensir kawai, zai yi masa shifta.

Kailani, da ba abin da ya rage masa, ya ɗago ya tambaye shi ta wane gefen rana duhun ya fara. Waziri ya yi gyaran murya, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Zinariya, wadda ta leƙo ƙofa neman muciyarta, ta dubi yaron da tausayi.

"Ɗan nan, kada ka ɓata takardarka," in ji ta. "Cikin rigarsa kaɗai ya gani."